Muryar da Ke Kulle a Aljihun Tebur

Litinin, sha ɗaya da rabi, a Plymouth,
jiniyar tashar jiragen yaƙi ta yi kukan gwaji.
Mai sayar da kifi ko ɗaga kai bai yi ba.

Ni ce na rubuta abin da za a faɗa
ranar da kukan ya zama na gaske.
Wata uku ina gyara:
Ku shiga ɗaki. Ku rufe ƙofa da taga.
Ku kunna rediyo.
Kada ku je ɗauko yara, suna hannun malamai.

Layin nan na ƙarshe ya hana ni barci.
Morwenna, mai ɗa a aji biyu, ta ce,
“Ke za ki iya?”
Na yi shiru har shayina ya huce.

Shugabanmu Pengelly yana son “babu abin tsoro”.
Na soke. Magana zarar bunu ce,
wanda ka ruɗa da safe, da yamma ba ya jin kiranka,
iska kuwa ba ta jiran a tashi taro.
Na bar “ga abin da muka sani”,
na ƙara “ga wanda ba mu sani ba tukuna”,
ƙwayar aidin kuma, sai an ce a sha.

Sau tara na karanta wa na'ura
kafin muryata ta daina rawa.
Tana can a kulle.
Allah ya sa ta tsufa a can,
garin nan ya ci gaba da wuce ni a layin bas
bai san muryar wace ce ba.