Ƙugiya Ɗaya

A shagonmu na bayan Ƙofar Ƙaura,
inda inji ke tari kafin ya tashi,
na buga ɗan littafin ta'aziyyar Malam Sada mai gyaran agogo.
Kwafi ɗari uku, bango kore.
Sai da tawada ta bushe na gani,
shafi na bakwai, ƙarƙashin hotonsa:
"Allah ya ji kansa."

Ƙugiyar harafi ɗaya ta faɗi,
ƙan da aka roƙa ya koma kai.

Rabe, maigidana, ya ce tuntuɓen alƙalami ne.
Na ce ina alƙalamin? Yatsana ne.
Suɓul da baka kuwa iska ke kwashe shi,
wannan ya zauna daram, sau ɗari uku,
ba ya jin ban-haƙuri.

Wani malami da ya zo karɓar takardun jarrabawa
ya ce sunansa kuskuren ɗab'i.
Wai daga bakin maharba aka aro kalmar:
ka auna, ka saki,
kibiya ta bi ta gefen kunnen gada.
Maganinsa 'yar takarda a manna cikin bango,
a sa mata suna Gyara:
shafi kaza, layi kaza, a karanta kaza.

Da la'asar Marka ta zo, ɗiyar mamacin.
Ta karanta, ta sake karantawa.
Ni dai idona na kan takalmana.
Na nuna mata takardar gyaran. Ta ture.
"Wa ke duba bango in yana kuka?
Ara mini biro."

Ta zauna kan buhun takarda,
ta buɗe na farko, ta lanƙwasa kan harafin.
Ta ce shekara arba'in Baba ya yi
yana mai da ƙananan abubuwa mazauninsu,
da tabarau a ido ɗaya,
bai taɓa manna wa agogo takarda ba
cewa a ƙara minti biyar.

Na jawo kujera. Rabe ma ya jawo.
Ƙugiyarta siririya, tawa mai rawa,
ta Rabe kamar ƙahon rago.
Har aka kira magariba muna roƙa masa rahama
harafi bayan harafi.

Ɗari biyu da casa'in da tara suka fita.
Ɗayan yana aljihun teburina, ba gyara.
Kowace safiya, kafin in kunna inji,
nakan buɗe shafi na bakwai
in faɗe shi daidai da bakina.