Taya Biyu da Igiya

Shekara goma sha ɗaya ina ɗaura buhun albasa a Mile 12
kafin na riƙe makullin da ba na aro ba.
Toka-toka ce, ta ga jiya, ta ga shekaranjiya,
amma ni a idona ba a taɓa hawanta ba.

Gidan da muke haya a Agege ba shi da fili.
Titi ne ɗakin kwananta,
tsakanin bakin lambatu da teburin Iya Bisi mai ɗumame.
A nan ba a auna wurin fakin da ido,
da bamba ake aunawa:
ka matsa baya har sai ka ji ƙum,
ka dawo gaba har sai wani ya yi ihu ta taga.

Na sayi tsofaffin tayoyi biyu wajen Obinna,
ɗaya a goshi, ɗaya a ƙeya,
na ɗaure da igiyar buhu
kamar kwalekwalen da ke jiran fasinja a bakin ruwan Ikorodu.
Asabe ta leƙo ta ce,
"Malam, mota ka saya ko jinya?"

Kullum da magariba na naɗe madubai kamar kunnen zomo,
na ba yaron layi ɗari biyar ya sa ido,
alhali na san idon nasa na kan wata ɗari biyar ɗin.
Danfo ya wuce, na ji a haƙarƙarina.
Mai okada ya kutsa, na tashi tsakar dare da tocila
ina shafa fenti kamar mai neman ƙurji a jikin jariri.

Wata bakwai, ko ƙwarzane.

Sai ran wata Talata da asuba, ana yayyafi,
ina sauri, motar Sakkwato ta iso da kaya,
na sa ribas ban waiga ba.
Ƙum.
Fitilar Baba Wasiu ta zube a kwalta kamar gishiri.

Ya fito da zani a ƙugu, aswaki a baki,
ya dubi tasa, ya dubi tayata da ko gezau ba ta yi ba.
Ya daɗe bai ce komai ba.
Sannan ya tofar, ya ce,
"Aboki, a ina ka sayi wannan igiya?"