Turke da Gungume

A arewacin Manitoba ƙasa ta daskare.
Ovide ya buga turke, guduma ta dawo masa.
Sai ya ɗaure sarƙar tarko
a gungume mai tsawon jikarsa Delphine.

"Kyarkecin da ka kafe wuri guda
zai fizga har ya bar maka ƙafa.
Ba shi nauyin da zai ja,
ya ɗauka gida za shi."

Da asuba suka bi sawun gungumen kan ƙanƙara,
ta bakin tafki,
har inda saiwa ta riƙe shi.

Delphine ta ce, "Kaka, babana da ya tafi Winnipeg,
turke ka kafa masa?"

Tsoho ya sunkuya yana kwance sarƙa.
Ya daɗe bai gama ba.