Kifi Ba Ya Tari

Akuya in ba ta jin daɗi za ta yi tari,
kaza ta saki fiffike ta raɓe bayan rumbu.
Tarwaɗa ba ta da murya.
Ciwonta a rufe yake, ƙarƙashin ruwa.

Da kuɗin sallamata na aikin jirgin ƙasa
na haƙa rami uku a Dakace,
na zuba 'ya'yan kifi dubu huɗu.
In na watsa abinci da sanyin safiya
sai ka rantse tukunya ce ke tafasa.

Wata Laraba na ari ragar Tanimu,
tawa ɓera ya yi mata taga.
Jiƙe ya miƙo min ita ta kan katanga.
Ban wanke ba, ban shanya ba,
maƙwabci ne, me za a ce?
Na tsoma ta a ruwa.

Kwana biyar, abinci ya fara kwana a sama.
Na ga ɗaya a tsaye, kai a sama,
kamar mai jiran a kira sunansa.
Wani gashin bakinsa ya guntule,
wani da jan gyambo a gefen ciki.
Ran na takwas na daina ƙirga da baki,
na koma ƙirga da bokiti.

Na ruga Tudun Wada na sayo kafso,
na farfasa, na barbaɗa, na yi addu'a.
Kuɗi suka narke. Mutuwa ba ta ji kira ba.

Likitar da ta zo daga Samaru
ba kifin ta fara dubawa ba.
Takalmina ta kalla, ta ɗaga ragar,
ta ɗebi ruwa a kwalba ta rufe.
Ta ce, "Baba Jatau, cuta ba ta da ƙafa,
mu ne muke goya ta.
Kuma ka cika ɗaki da baƙi fiye da tabarma,
ka zuba tuwon da ba a cinyewa,
saura ya ruɓe a ƙasa, su sha shi a ruwa."

Na ce gawarwakin fa, in zubar a Galma?
Ta dube ni har na sunkuyar da kai.
Can bayan dalbejiya muka binne su,
rami mai zurfi, da farar ƙasa a kai.

Rami ɗaya ya tsira.
Biyun na kwashe, na bar wa rana
har ƙasansu ya tsattsage kamar kaushin dunduniya.

Yanzu kowane rami da ragarsa,
na ɗaura musu ƙyalle, ja, fari, shuɗi.
Sabon iri sai ya yi mako biyu a keɓe
kafin ya gaisa da 'yan gida.
Akwai daro da ruwan magani a bakin ƙofa,
ko jikata Ummita sai ta tsoma silifa.
Magani kuwa sai an gwada an rubuta.

Jiya Tanimu ya leƙo aron bokiti.
Na ba shi kujera, na ba shi goro,
na hana shi bokiti.
Ya tafi gaisuwarsa a taƙaice.
Zai huce.

Da asuba ina tsugunne a bakin rami,
hannu cike da abinci, ban watsa ba tukuna,
ina sauraron masu ciwon da ba sa tari,
ina karanta fuskar ruwa.