Kujerar Baba

Akwatin ya iso daga Kano ranar Laraba,
sifika biyar, da wani baƙin ƙato mai gurnani
wanda Tasi'u ya ce a tura shi lungu, bayan firji.
Falonmu na Rafindadi ba murabba'i ba ne.
Magini ya ci kwana ɗaya don ya kauce wa bishiyar darbejiya,
to sauti ma sai ya bi hakan.

Na ɗauko tef ɗin awo na telan ƙofar gida.
Daga kujerar Baba zuwa sifikar tsakiya, mita biyu da rabi.
Zuwa ta dama, uku.
Ta hagun baya kuwa tana rataye a ƙusar da kalanda ta bari,
mita ɗaya da ɗan abin da ba ya shiga lissafi.
Na cusa lambobin da rimot, ɗaya bayan ɗaya,
na'ura ta haɗiye ba ta ce uffan ba.

Sai gwaji.
Wani shuuu kamar ana sheƙe gero
ya tashi daga hagu, ya tsaya tsakiya,
ya koma dama, ya zaga bayanmu.
Da ya kai hagun baya, Baba ya ce,
"Ya mutu ne?"
Bai mutu ba. Yana ihu har labule na motsi.

Shekara ashirin da shida a gindin injin niƙa,
kunnen hagu na fuskantar bel.
Takardar da ta zo cikin kwali ba ta san wannan ba.
Ita a wurinta kowa kunne biyu gare shi,
daidai wa daida, kamar ƙwaryar awo.

Na ƙara wa hagu uku. Ya girgiza kai.
Shida. Ya ce kamar sauro.
Takwas.
Na rage dama har ta koma raɗa,
na ɗaga muryar tsakiya don magana ta fito daga cikin kiɗa,
na danne ƙaton lungu
saboda kwanukan Inna Lantana sun fara kaɗawa a kabad.

Ina shirin adanawa aka ɗauke wuta.
Komai ya koma sifili.
Tasi'u ya ja janareto sau bakwai yana tsaki,
ni kuma na sake daga farko,
wannan karon ina rubutawa a bayan kwali da biro.

Bayan isha'i muka sa fim.
Wasu mutane cikin daji, ba mu san yarensu ba.
Can sai hadari, sai yayyafi ta bayanmu,
ɗis, ɗis, kan wani kwano da ba namu ba.
Baba ya waiga.
Ta hagu ya waiga.
Ya miƙe yana laluben takalmi:
"Ku kwashe shanya! Masarar nan na waje!"

Watan Maris ne. Ko gajimare babu.
Yara suka kwashe da dariya har ƙasa,
shi ma ya yi, yana riƙe da kunnen nan
kamar wanda baƙo ya ƙwanƙwasa wa ƙofar da aka daɗe da toshewa.

Yanzu duk wanda ya zauna falonmu
sai ya ce sautin ya karkace.
Gaskiya ne, ya karkace.
Kujera ɗaya ce kawai yake daidai,
kuma ba a zama kanta.
Kwalin yana ƙarƙashin gadona,
hagu takwas, dama ban da huɗu.