Gado na Bakwai

A Yagwa jak ya zame,
mota ta zauna mini a ƙafa
da buhun shinkafa ɗari biyu a bayanta.
Yaron motata ya kai ni asibiti,
ya ce bari ya je Garwa ya faɗa wa gida.
Har yau yana kan hanya.

Asibiti ba ya ciyar da kowa.
Likita nasa allura, nas tata takarda,
tuwo kuwa na mai dangi ne.
Na gado na shida matarsa na yi masa fifita,
na takwas 'ya'yansa har layi suke yi,
ni na bakwai ƙuda kaɗai ke zuwa dubiya,
shi ma ba don Allah ba.

Ran Alhamis suka shigo su huɗu,
atamfa iri ɗaya, hoton cocinsu a jiki,
kwanuka a ka, sabulu a leda.
Na juya fuskata bango.
Na ce a raina, mai ba ka tuwo da waƙa
wata rana zai nemi amshi.

Babbarsu, Maiduwe, ta jawo benci.
Hausarta ta kasuwa ce, rabinta Fillanci.
Ta ce, "Baba, ci.
Kifin Logon ne, ba ruwansa da yanka."
Dariya ta kufce mini ban shirya ba
har ɗinkin ya motsa.
Na ci. Na suɗe. Ban ce na gode ba.

Na jira wa'azin.
Alhamis ta biyu na jira shi,
sai ta kunce gefen zane
ta fito da dutse mai santsi na bakin kogi.
Wai mai gadi ya gaya mata
wanda ruwa ya gagara da wannan yake taimama.
Ta kira Jonwe, ɗan autanta,
suka ja gadona yana ƙara
har fuskata ta sami gabas.

Jonwe shi ya riƙa fita da tasar da ba a faɗar sunanta,
yana fito kamar mai kai wa surukai goro.
Shi ya yi mini aski, ya yanke ni sau biyu.
Da jini ya ƙare mini a daren tiyata
samari uku daga masu waƙar coci suka miƙa hannu,
na ɗaya ya dace.
Ban san sunansa ba.
An ce siriri ne, an ce ya suma.

Ran sallama na zaro jaka biyar daga ƙarƙashin matashi.
Maiduwe ta dubi kuɗin kamar na miƙa mata kunama.
"Ajiye. Ba kai ne mai mota ba?
Akwai gwauruwa a Dana, iska ta yaye mata ɗaki,
kwano na nan a coci tun watan jiya,
ƙafa ce ba mu da ita."
Na ce ni ma ɗaya da rabi gare ni.
Ta ce ta isa.

Na kai kwanon.
Na kai kuma bulo, na kai gidajen sauro,
na taɓa kai gawa ma, cikin ruwan Agusta,
suna waƙa a baya, ina tasbihi a gaba,
ba wanda ya ce wa wani rage murya.

A tasha abokai na tsokana, Sallau ya zama ɗan aiken fasto.
Ina barinsu.
Ba su san jinin wa ke taka musu birki ba.

Yanzu in na biyo ta Yagwa
nakan sauke buhun albasa a ƙofar kicin ɗinsu,
in ɗingisa zuwa ɗakin maza.
Wancan makon wani yaro ne ɗan Bongor a gadon,
ya juya fuskarsa bango.
Na san bangon nan, na san inda fentinsa ya ɓare.
Na jawo benci na zauna,
kwanon yana ƙona mini cinya.