Goma da Arba'in

Shekara tara ina riga ladanin Agege tashi,
in shiga motar farko, in sauka Idi-Araba da duhu,
in ajiye takalmi ɗaya ya tsaya mini a layi,
ni in jingina da bango, suga na cin ƙafata.

Bana Tasalla ta ce, Baba, layin ya koma cikin waya.
Na ce, wace waya ce za ta ɗauki mutum ɗari uku
da tarinsu da ledojin maganinsu?

Ta tambayi ranar haihuwata.
Na ce shekarar da fara ta cinye mana gero.
Waya ba ta san fara ba, lamba take so.
Muka ba ta ɗaya ga watan ɗaya.

Babban yatsana, da albasar Mil Sha Biyu ta tsattsage,
gilashin ya ƙi gane shi.
Sau uku sabis na ɗaukewa,
abin na ta zagaye kamar akuya a turke.
A na huɗu saƙo ya faɗo:
Talata, goma da arba'in, ɗaki na shida.

Wanda ya taɓa ƙonewa, toka ma tsoronta yake.
Da asuba na je.
Benci wayam, sai mai shara da tsintsiyarta.
Na zauna ina gadin layin da babu.

Goma da arba'in da uku
nas ta kira sunana, har da na mahaifina.
Kafin azahar ina rumfa ina auna albasa.
Ban musa ba, ƙafata ta gode.

Sai dai ban ga Iya Sikiratu ba,
mai raba mana ƙosai a takarda,
mai zagin hawan jininta kamar ɗan da ta haifa.
Ban ga Okoronkwo ba, da rediyonsa mai tari.
Kowa an yanka masa lokacinsa
kamar nama a faranti, ya ci shi kaɗai.

A da, in silifas ɗin wani bai zo layi ba wata biyu,
mukan tambaya. Mukan haɗa na mota mu je gidan.

Daren jiya na ce, Tasalla,
duba mini cikin wayar nan,
ko akwai gurbin da ake rubuta:
ina waccan tsohuwar mai koren gyale?

Ta duba, ta daɗe tana dubawa.
Ta ce, Baba, sai da lambar katinta.